Shehu Maghili: Malamin da ya rushe majami'ar Tamantit, aka sare itacen tsafin Kano da sunansa

A cikin tsohon birnin Kano akwai unguwar Sharifai, wadda manyan gidajenta ke danganta asalinsu da wani malami da ya ƙetaro Sahara a ƙarshen ƙarni na 15. Sunansa Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili. Ɗaliban tarihi a Nijeriya sun san shi da littafin tsarin mulki da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. A kudancin Aljeriya ana ziyartar kabarinsa a matsayin waliyyi. Zuriyar Yahudawan Arewacin Afirka kuwa suna tuna shi da rushe majami'arsu ta Tamantit da kisan da ya biyo baya. A manyan zangunan rayuwarsa biyu, Tuwat da Kano, rigima iri ɗaya ya tarar kuma ya shiga tsakiyarta: wurin bauta ne ake jayayya a kan wanda ya fara kafa shi, da wanda ke da ikon ci gaba da riƙe shi.

Daga Tilimsan zuwa Tuwat

An haifi Maghili a yankin Tilimsan, a yammacin Aljeriya ta yau, wajen shekarar 1440, ko da yake wasu marubuta suna kai haihuwar baya zuwa 1425. Sunan da ya shahara da shi na ƙabilarsa ce, Maghila, ɗaya daga ƙabilun Barbar. Ya yi karatu a hannun Shehu Abdurrahman al-Sa'alibi, babban malamin tafsiri na birnin Aljas wanda ya rasu a 1471, da kuma Yahya bin Yadir. Ya ƙware a fiƙihun Malikiyya da tafsiri da hadisi, ya kuma yi zurfi a ilmin mandiƙi, har suka yi musayar baitoci da Jalaluddin al-Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin wannan fanni haramun ne, shi kuwa Maghili yana kare shi.

Zamanin da ya tashi a ciki na fargaba ne ga Musulmin Magrib. Turawan Fotugal sun ƙwace Sabta tun 1415 suna kuma ci gaba da cin garuruwan gaɓar teku. Daular Musulmi a Andalus tana ta ƙanƙancewa, har Garnaɗa ta faɗi a farkon 1492. A cikin gida, sarakuna sun yi rauni, talakawa suna kuka da haraji. A 1465 mutanen Fas suka yi bore, suka kashe sarkinsu tare da wazirinsa Bayahude, suka auka wa Yahudawan birnin. Cikin wannan yanayi Maghili ya bar Tilimsan ya gangara kudu zuwa Tuwat, jerin garuruwan dabino da ke tsakiyar hamada, inda ayarin raƙuma ke yada zango tsakanin Magrib da Timbuktu.

Babban garin Tuwat a lokacin shi ne Tamantit. Yahudawa sun daɗe a wurin, suna sana'ar ƙira da awon zinariya da fatauci. Wani ɗan kasuwa daga Janowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya aika wasiƙa daga Tuwat a 1447 yana bayyana cewa Yahudawan suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan garin, kuma ciniki da yawa ta hannunsu yake bi. Wannan kusanci da masu mulki shi ne ya tsone wa Maghili ido. A fahimtarsa, amanar da shari'a ta ba wanda ba Musulmi ba tana da sharuɗɗa: biyan jiziya da zama a ƙasƙance. Ya ce Yahudawan Tuwat sun karya sharuɗɗan, don haka amanarsu ta warware, majami'arsu kuma dole a rushe ta.

Shari'ar da ta rataya a kan tarihin ƙasa

Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Ya tsaya a kan cewa an gaji majami'ar ne tun kaka da kakanni, malaman da suka gabata sun gan ta ba su taɓa ta ba, kuma rushe ta zalunci ne da zai haifar da fitina. Da gardama ta ƙi ƙarewa, ɓangarorin biyu suka rubuta wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis suna neman fatawa.

Abin lura shi ne yadda hukuncin ya dogara da labarin asalin wurin. Malaman Malikiyya sun kasa ƙasashe gida uku: wadda aka ci da yaƙi, wadda aka shiga da sulhu, da wadda Musulmi suka sara da kansu tun tana daji. Hukuncin wurin bautar wanda ba Musulmi ba ya bambanta a kowanne, kuma tsohon gini da aka tarar yana da rangwamen da sabo ba shi da shi. Ke nan kafin a ce a rushe ko a bari, sai an amsa tambayar wa ya riga wa zama a Tamantit. Idan Musulmi ne suka kafa garin Yahudawa suka zo daga baya, hujjar Maghili ta yi ƙarfi. Idan majami'ar ta girmi zuwan Musulunci, ko kuwa an ba da izinin gina ta tun farko, alƙali ne ke da gaskiya.

Amsoshin da suka dawo sun rabu. Muftin Tilimsan, Ibn Zakri, yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa da rushewar. Muhammad al-Tanasi ya rubuta doguwar fatawa yana goyon bayan Maghili, shahararren malamin tauhidi Muhammad al-Sanusi kuma ya sa masa albarka. Tunda Sanusi ya rasu a 1490, musayar fatawoyin ta auku kafin wannan shekara. Ahmad al-Wansharisi ya tattara su a babban kundinsa al-Mi'iyar, shi ya sa har yau ake iya karanta hujjar kowane ɓangare.

Maghili bai jira malamai su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Da fatawar Tanasi ta iso, ya tara mabiyansa suka rushe majami'ar. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rubuta tarihinsa kimanin ƙarni ɗaya bayan haka, ya kawo cewa ya sa ladan miskali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. An kashe mutane, sauran suka watse zuwa wasu garuruwan hamada da na Maroko, al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a Tuwat ta ƙare. Wannan ya faru dab da lokacin da sarakunan Kirista na Sifen suka kori Yahudawa daga ƙasarsu a 1492, da yawansu suna neman mafaka a garuruwan Musulmi na Magrib. Ruwayoyi sun nuna cewa ya je Fas don kare matsayinsa, malaman fada ba su karɓe shi hannu biyu ba. Daga nan ya fuskanci ƙasar Sudan.

Kano ta Rumfa

Ya bi ta Ayar da Takedda yana koyarwa, ya shiga Katsina da Kano. Cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa akwai al-Aƙib al-Anusammani na Ayar, da Muhammad al-Tazakhti, wanda Katsinawa ke kira Ɗantakum, ya kuma zama alƙalin Katsina. Wasu ruwayoyin Katsina suna haɗa ginin Gobarau da zuwansa, wasu kuma suna mayar da shi zamanin Muhammadu Korau.

A Kano ya tarar da sarki mai son sauya fasalin mulki. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 bisa lissafin da aka fi amfani da shi, shi ne ya gina Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini. Irin wannan sarki yana bukatar malamin da zai ba sabon tsarinsa tushe a shari'a. Maghili ya rubuta masa Tajuddini fi ma yajibu alal muluk, ɗan littafi mai babi takwas a kan kyautata niyya, tsara hukuma, binciken halin ma'aikata, adalci a shari'a, tara dukiya ta halal da kashe ta inda ya dace. Gargaɗin da ya fi maimaitawa a ciki shi ne haɗarin sarki ya shige gida ya ɓuya wa talakawansa. Ya kuma rubuta masa wata wasiƙa a shekarar 897 ta Hijira, wato 1491 zuwa 1492, yana ba shi damar tsawatarwa don hana bayyanar da shirka da shan giya da tsiraici a bainar jama'a, saboda kada masu raunin imani su koma gidan jiya.

A nan ne labarin itacen ya shigo. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da mutanen Dala da shugabansu Barbushe, mai kula da Tsumburbura, abin bautar da ke wurin wani itace da aka kewaye da katanga. Haƙar da aka yi a gindin Dala ta nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, ke nan zaman mutane a nan ya girmi sarautar Bagauda da ɗaruruwan shekaru. Littafin ya ce Sarki Tsamiya ya fasa katangar wurin tsafin a farkon ƙarni na 14. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, aka gina masallaci a ƙarƙashin itacen. Masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin, har aka sa masu gadi. Bayan haka Sarki Kananeji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, ya koma wa itacen neman nasara bisa shawarar Sarkin Cibiri. Fiye da shekara 100 masallaci da itacen tsafi suna fili ɗaya, kowane sarki yana karkata inda bukatarsa ta kai shi.

Littafin ya ce a zamanin Rumfa ne Sharifai suka zo, shugabansu ya umarci sarki ya gina masallacin Juma'a, ya sare itacen, ya tayar da hasumiya a gurbinsa. Bayan ya kafa addini ya tafi, ya bar Sidi Fari a madadinsa. Marubucin ya fara kiran wannan baƙo Abdurrahman, sannan a ƙarshen labarin ya kira shi Abdulkarim. Masana da yawa suna ganin wannan alama ce ta labarai biyu da suka cakuɗe, na Zaite da na Maghili.

Wangarawa suna da nasu littafin, Asalul Wangariyyin, wanda aka rubuta a 1061 ta Hijira, wato wajen 1650, Muhammad al-Hajj kuma ya buga shi a 1968. A cikinsa shehinsu ya bar Mali a 835 ta Hijira, ya iso Kano a zamanin Rumfa, a daidai lokacin da Maghili yake garin, kuma shi aka ba girman kawar da itacen. Tsakanin lissafin littattafan biyu akwai tazarar fiye da ƙarni guda a kan zuwan mutum ɗaya.

Wannan saɓani yana da nauyi a siyasar birni. Gidan da aka yarda shi ya fara tsayar da salla yana da hujjar riƙe limanci da alƙalanci da kusanci da fada. Unguwannin Madabo da Mandawari da Sheshe da Zaitawa suna ɗauke da tarihin Wangarawa, Sharifai kuma suna riƙe da sarautar Sidi Fari. Ɓangare na uku, mutanen da itacen yake nasu, ba su bar rubutu ba. Abin da aka sani game da Barbushe da Tsumburbura ya zo ne ta alƙalamin malaman da suka gaji waɗanda suka yi nasara a kansu, kuma Tarihin Kano bai kai siffar da muka san shi da ita ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. Jikokin masu wannan addini su ne aka ci gaba da kira Maguzawa, sunan da ake dangantawa da kalmar Larabci ta Majusu, wanda ya ba su matsayin masu biyan jiziya a ƙauyukan ƙasar Kano.

Gawo da komawa gida

Daga ƙasar Hausa Maghili ya wuce Gawo, wurin Askiya Muhammad, wanda ya ƙwace mulkin Songhai a 1493 daga hannun ɗan Sunni Ali. Askiya yana bukatar hujjar juyin mulkinsa, ya aika masa tambayoyi. A amsoshinsa Maghili ya yanke cewa Sunni Ali ya fita daga Musulunci saboda haɗa salla da girmama itatuwa da duwatsu, ya ce yaƙar masu irin wannan gauraye ya fi yaƙar arna na asali muhimmanci. Ya soki miyagun malamai masu halatta wa sarakuna zalunci, ya kuma yi bayanin mai jaddada addini da ke bayyana a kan kowace shekara 100.

Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, ana kuma zargin ɓangaren Yahudawa da masu kare su. Ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su. Alƙalin Timbuktu, Mahmud bin Umar Aƙit, ya ƙi yarda, bisa hujjar cewa ba a kama mutum da laifin da wani ya yi, aka sake su. Sau biyu ke nan alƙali yana tsaya masa a gaba da hujjar shari'ar da shi ma yake kira a bi. Ya koma Tuwat, ya rasu wajen 909 ta Hijira, 1503 zuwa 1504. Kabarinsa yana zawiyar da ke ɗauke da sunansa a lardin Adrar na Aljeriya.

Gadon da ya bari

Bayan shekara 300 rubuce-rubucensa suka sake tashi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dogara da amsoshin da aka ba Askiya wajen kafa hujja a kan sarakunan Hausa, ya kuma adana wasiƙar Rumfa a cikin Tanbihul Ikhwan. Abdullahi Ɗanfodiyo ya yi amfani da Tajuddini a Liya'ul Hukkam, wanda ya rubuta a Kano lokacin jihadi. Sare itacen bai kawar da gaurayen ba: fadar Kano ta ci gaba da yi wa Dirki yanka, wani Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu, har zuwa zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Shi ma Shehu Muhammad al-Kanemi na Borno, a wasiƙunsa da Muhammadu Bello, ya ƙalubalanci wannan layi na tunani, yana cewa ana samun yanka a wuraren da ake girmamawa har a manyan ƙasashen Musulmi, kuma jahilci da saɓo ba su mayar da al'umma kafira. Gardamar Asnuni da Maghili ce ta dawo da sababbin fuskoki.

Irin wannan shari'a ba ta tsaya a Afirka ba. A Ayodhya ta Indiya, 'yan Hindu sun ce masallacin Babri na ƙarni na 16 an gina shi ne a mahaifar Rama, Musulmi suka riƙe hujjar ɗaruruwan shekaru na salla, wasu mabiya Buddha kuma suka ce abin da ke ƙarƙashin ƙasar nasu ne. Ranar 6 ga Disamba 1992 gungun mutane suka rushe masallacin, kimanin mutum 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. A 2019 Kotun Ƙolin Indiya ta ce rushewar ta saɓa doka, amma ta ba da filin a gina haikali, ta ce a ba Musulmi eka biyar a wani wuri. A can Musulmi ne marasa rinjaye, kuma hujjar wa ya riga wa a kansu ta faɗa, kamar yadda ta faɗa a kan Yahudawan Tamantit. A Siri Lanka kuwa akwai dutsen da ke da alamar sawu a ƙololuwarsa: mabiya Buddha suna cewa na Buddha ne, 'yan Hindu na Shiva, Musulmi na Annabi Adamu. Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa Takedda da Tuwat, ya hau shi a 1344, kuma har yau masu addinai daban-daban suna hawansa ba tare da an daidaita labarin asalinsa ba.

Tsohuwar ƙasar Kano tana da nata misalin. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Habude da Mesa da Murufu, akwai zanen shanu marasa tozo, dabam da shanun da ake kiwo a yankin yanzu, abin da ke nuna hannun mutanen da suka riga mazauna wurin na yau. Bernard Fagg, wanda ya yi nazarin wurin a tsakiyar shekarun 1950, ya rubuta cewa akwai duwatsu masu amo da ake kaɗawa, kuma al'adun aure na garin suna da alaƙa da su. Musulmin Birnin Kudu sun zauna da waɗannan duwatsu ƙarni bayan ƙarni ba su kankare zanen ba, yau kuma suna cikin kayan tarihi na ƙasa da hukuma ke karewa.

Maghili ya bar wa masu karatunsa abubuwa biyu da ba su rabuwa da sunansa. Ɗaya shi ne littafin da ya gaya wa sarki cewa dukiyar jama'a amana ce, ƙofarsa kuma dole ta kasance a buɗe ga mai ƙara, wanda har yau ake kafa hujja da shi idan ana maganar shugabanci a Arewa. Ɗayan shi ne abin da ya faru a Tamantit, inda malami ya zaɓi fatawar da ta dace da ra'ayinsa cikin fatawoyi masu saɓani, ya zartar da ita da hannun jama'a, alƙalin gari yana hani. Masallacin Juma'a na Kano an sake gina shi fiye da sau ɗaya tun bayan Rumfa, ginin da ke tsaye yanzu na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Na itacen kuwa, abin da ya rage shi ne littattafai biyu da suka saɓa a kan wanda ya sare shi, da sunan Tsumburbura da yaran Kano ke ji a darasin tarihi.